Yadda Ake Renon Sabon Shingen Lalle da Zogale Har Ya Kama Ƙasa



 Tun da damina ta zauna nake samun tambaya kusan iri ɗaya daga magidanta da matan gida. Wannan ya ce, "Malam, mun dasa lalle da zogale a gefen gida, amma ga ganyen yana yin rawaya." Wancan ya ce nasa ya yi kyau sati biyu, daga nan ya bushe a tsaye. Shi ya sa yau zan ɗan ajiye bayanin haɗa magani, mu yi magana a kan itaciyar da ake tsinko maganin a jikinta.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, dasawa aikin yini guda ne, amma shinge bai zama naka ba sai ya tsallake raninsa na farko. A ƙasashenmu irin su Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, ruwa yana ɗaukewa ne ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba kuma zai dawo sosai ba sai wajen Yuni. Ke nan dashen da ka sa a Yuli yana da kamar wata uku ne ya tura saiwarsa ƙasa, kafin ya fuskanci wata bakwai zuwa takwas babu ruwan sama. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hidimar wannan saiwar ce.

*Me ya sa lalle da zogale?*

Saboda shinge ne da zai suturta gida, ya tare iska da ƙura, kuma a ci a sha a jikinsa. Zogale kowa ya san shi a kwaɗo da dambu da miya, ganyensa yana ɗauke da sinadaran gina jiki da na ƙara jini. Lalle kuwa, Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Salma, hadimar Manzon Allah (SAW), cewa yana sa shi a kan rauni, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin amfaninsa a Zadul Ma'ad. Sannan ya tabbata a Bukhari da Muslim ta hanyar Anas ɗan Malik (RA) cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Sai dai kar wani ya ce bari ya ƙyale akuya ta cinye dashen tun yana kwana goma don ya samu lada. Ka rene shi ya girma, ladan ya daɗe yana gudana.

*1. Satin farko: koma ka duba yadda aka dasa*

Da yawa yara ake sa wa aikin dasawa, maigida bai gani ba. To ka tona gindin guda ɗaya ko biyu a hankali ka duba. Wallahi na sha zuwa gida a tona a tarar an binne dashen da baƙar ledarsa. Saiwa sai ta yi ta zagaye a ciki kamar gammo, itaciyar ta tsaya cak. In ka samu haka, tsaga ledar da reza ka zare ta, kar ka farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwar.

Ka duba zurfi. Inda ƙasa ta tsaya a jikin dashen yana cikin leda, nan ya kamata ta tsaya bayan an dasa. In an binne wuyansa, ruɓewa zai yi. Sai ka danna ƙasar gindin da tafin hannu don kar iska ta zauna a ciki ta busar da saiwa.

Tazara tsakanin gindi da gindi, ga lalle kamu ɗaya ya isa, wato kamar santimita 40 zuwa 50. Zogalen da ake so ya zama shinge shi ma haka, ko a ɗan ƙara. Tsakanin layin da katanga kuma a bar aƙalla mita 1, musamman ginin ƙasa, domin ruwan da za ka riƙa zubawa shi zai ci gindin katangar. A nisanta shi da masai da kwata, tun da ganyen ciki zai shiga. In an yi kuskure a nan, a gyara tun cikin satin farko da yamma, kafin saiwa ta kama.

Wanda ya dasa reshen zogale maimakon iri, ya sani akwai bambanci. Zogalen da ya fito daga iri yana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, shi ya sa ya fi jure fari. Na reshe ya fi saurin ba da ganye, amma saiwarsa a sama-sama take, iska tana iya kayar da shi, kuma ya fi saurin jin ƙishirwa. Reshen ya kai tsawon kamar mita 1, kauri kamar ƙotar fartanya, a binne kashi ɗaya cikin uku. Kar yara su riƙa girgiza shi ko jingina keke a jikinsa, sabuwar saiwa siririya ce kamar gashi, motsi kaɗan ke tsinka ta.

*2. Ban ruwa*

Nan ne aka fi kuskure, kuma kuskuren iri biyu ne.

Na farko, yayyafi da buta kullum safe da yamma. Ruwan yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa kuma inda ruwa yake nan take bi. Sai ta zauna a sama, ranar da aka yi tafiya ta kwana uku a dawo a tarar ya bushe. Abin da ya dace, a yi wa layin ɗan kwari da kunya hagu da dama yadda ruwa zai tsaya ya nutse, a zuba mai yawa lokaci guda, sannan a bari saman ya sha iska kafin a sake. A nawa gwajin, bokiti ɗaya mai lita 10 yana isar gindi biyu zuwa uku. Sati biyun farko, in ba a yi ruwan sama ba, a ba shi duk bayan kwana ɗaya. Daga nan sau biyu a sati. Ƙasar jigawa mai rairayi ta fi saurin bushewa, ita a ƙara mata. Mai laka a rage.

Na biyu, yawan ruwa. Zogale ba ya son ƙafarsa cikin ruwa ko kaɗan. Ni kaina na yi wannan asarar shekarun baya. Na dasa rassa a bayan ɗaki daidai inda indararo ke zuba, ga Agusta, ga kuma yara suna ƙara masa da bokiti don neman yabo. Da na zare ɗaya sai na ji gindin ya yi laushi yana wari. Layin gaba ɗaya ya tafi. Saboda haka cikin marka, aikinka shi ne ka buɗe wa ruwa hanya ya wuce.

Ga ma'auni mai sauƙi: tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ajiye bokitin. In ka ji a bushe, zuba. In ganye ya yi laushi da tsakar rana amma ya miƙe da yamma, zafi ne kawai. In ka tashi da asuba ka gan shi a langaɓe kuma ƙasa a bushe, ƙishirwa ce. In ganyen ƙasa yana rawaya yana zuba alhali ƙasa a jiƙe take, ruwa ne ya yi yawa.

Lokacin zubawa, bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Wanda yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa kar ya karaya. A ajiye roba a wurin alwala, ruwan da aka tara a yini yana da yawa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye duk suna yi. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan da gishiri ko kanwa ya shiga, kar a kai shi gindin dashe, yana ƙona saiwa yana kashe ƙasa.

*3. Taki, rufe gindi, da gara*

Ɗanyen kashin kaji ko na shanu zafi gare shi, yana ƙona sabuwar saiwa, yana kuma kiran ƙuda. A yi amfani da wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari. Cikin tafi biyu ya ishi gindi guda, a zagaya shi nesa da jikin itaciyar, a ɗan rufe da ƙasa. Takin zamani kuwa a haƙura da shi a watan farko.

Da ruwa ya fara ja baya a Satumba, a rufe ƙasar layin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, kaurin yatsu uku. Wannan yana riƙe danshi yana sanyaya ƙasa. Sharaɗi ɗaya: a bar faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da jikin itaciyar. In ya manne da ita, ka shimfiɗa wa gara tabarma ke nan.

Gara ta fi kama dashen da ya riga ya galabaita da ƙishirwa, da reshen da wani ɓangarensa ya mutu. A riƙa dubawa, in an ga ta fara ɗora ƙasa a jikin reshe a kankare, a barbaɗa tokar murhu mai sanyi a kewaye. Toka kaɗan-kaɗan, ba a tula ta. Ciyawar da ke fitowa a gindi kuma a cire ta da hannu, fartanya tana sare saiwa.

*4. Awaki*

Abin ban dariya ne amma gaskiya ne: sabon shinge shi ma sai an yi masa shinge. Akuya ɗaya tana gama da aikin wata uku kafin ka idar da sallar azahar. Hatsarin ya fi yawa da kaka, bayan an kwashe amfanin gona an saki dabbobi, ciyawa ta bushe, ɗan korenka shi kaɗai ke ɗaukar ido a unguwa. Kar ka jira sai lokacin. Tun yanzu a kewaye shi da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko darnin kara, ko zana, ko waya in da hali. Tsayin ya kai ƙirjin babba, don akuya tana miƙewa da ƙafa biyu. A bar sama a buɗe rana ta shiga, domin lalle da zogale duk 'yan rana ne. Kaji ma suna tone gindi wajen neman sanyi, 'yan rassan ƙaya a kwance suna hana su.

In ta riga ta ci, kar a tumɓuke. A datse wurin da ta tauna da wuƙa mai kaifi, a ba shi ruwa, a tsare shi. Sau da yawa yana sake tohowa.

*5. Yanke kai*

Wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuya. Mutum ya ga zogalensa ya miƙe yana sheƙi, ka ce ya yanke kan, sai ya ga kamar mugunta kake nufi. To ku saurara. Zogale in an ƙyale shi yana iya kai mita 3 ko fiye a shekarar farko, siriri kamar gora, ganye can sama, ƙasa fayau. Wannan ba zai suturta gida ba, uwargida ma ba za ta kai hannu ta tsinka ba.

In ya kai tsayin ƙugu, wato tsakanin santimita 60 da mita 1, a tsinke kan da yatsa ko almakashi, kamar tsawon ɗan yatsa. Zai fitar da rassa a gefe. Su ma in sun yi kamar kamu ɗaya a tsinke kawunansu. A yi haka sau biyu ko uku, sai ka ga ya cika ya yi duhu. Lalle ma in ya kama sosai ya kai gwiwa zuwa cinya, a rage kansa don ya yi rassa tun daga ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajen aski na gaba, a bar gindin shingen ya fi samansa faɗi. In sama ta fi faɗi, tana yi wa ƙasa inuwa, ganyen ƙasa ya zube, a samu kafar da akuya za ta kutsa. A yi yanka da ƙarfe mai kaifi, a karkace, don kar ruwa ya zauna a kan yankan. Kar a yi babban yanka cikin tsananin bazara.

Gurbin da ya mutu a cike shi tun damina tana da sauran ƙarfi, kafin ƙarshen Agusta. In an wuce haka, gara a bari sai baɗi, sai fa in akwai wadatar ruwa a gida.

Sannan a yi haƙuri da tsinka. Kan zogalen da aka yanke a sa a miya, halal ne. Amma zage ganye gaba ɗaya a wata biyun farko yunwa ce ake sa wa saiwa, domin ganye ne ke ciyar da ita. Lalle a bar shi ya shekara kafin a fara yankan sosai.

*6. Hunturu da bazara*

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da ganye, zogale yakan kaɗe har ya zama kamar sanda. Mutane da yawa a nan suke cewa ya mutu su daina ba shi ruwa, sai ya mutu da gaske. Ka ɗan kankari ɓawon da farce. In ka ga kore a ciki, yana da rai. A wannan lokacin ruwa mai nutsewa sau ɗaya a sati yakan wadatar. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a mayar sau biyu.

Ga dabarar tsofaffi ga mai ƙarancin ruwa: a binne tulu ko 'yar tukunyar ƙasa tsakanin gindi biyu har wuya, a cika da ruwa, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai wurin saiwa. In babu, robar lemo da aka huda gindinta da allura tana yi. Rufe bakin wajibi ne, saboda sauro.

*7. Lafiyar mutanen gida*

Shinge don lafiya aka yi shi, kar ya zama hanyar cuta. Ruwan da ya kwanta a kwari ya kwana biyu bai nutse ba, a buɗe masa hanya, domin a irinsa sauron zazzaɓi yake ƙyanƙyasa, kuma sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi.

Kar a mai da gindin shinge juji. Tarin shara yana kiran ɓera, ɓera yana kiran maciji. A riƙa sharewa, kar a tura hannu cikin duhunsa da dare ba fitila. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana mutum yawan motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar dafin maciji. Saran kububuwa yana hana jini daskarewa, ko mutum yana jin garau kar a zauna. Mutanen Gombe sun san asibitin Kaltungo da wannan aikin. Ni mai maganin gargajiya ne, amma a nan asibiti nake turawa.

Ganyen da za a ci kuma kar a fesa masa maganin ƙwarin gona. In tsutsa ko darɓa ta dame shi, a daka 'ya'yan darbejiya busassu rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. A ajiye ruwan nesa da yara, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa. In za a shanya zogale, a inuwa ake yi, rana tana rage masa amfani.

*8. Gargaɗi huɗu*

Na ɗaya, cini da zugu, wasu su ce bini da zugu. Yana saurin kamawa, dabba ba ta cinsa, shi ya sa ake shinge da shi. Amma 'ya'yansa guba ne, ga shi ɗanɗanonsu yana yaudarar yara kamar gyaɗa. Tsofaffi suna fassara sunan da cewa in za ka ci, ka tanadi likkafani. Na taɓa ganin yara uku 'yan gida ɗaya da suka ci, amai da gudawa har suka galabaita, sai da aka ƙara musu ruwa a asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Gidan da ke da ƙananan yara a bar shi can gona. In yana nan, a riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ɗanyu. Yaron da ya ci a kai shi asibiti nan take, kar a tsaya ɗura masa manja.

Na biyu, itatuwa masu farin ruwa kamar nono, irin su tinya da tumfafiya. Ruwansu yana illata ido. In ya fantsama, a yi ta wankewa da ruwa mai tsafta na kamar minti 15, sannan a je a duba.

Na uku, lalle da jarirai. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda likitoci ke kira G6PD, kuma yana da yawa a ƙasashenmu. Irin waɗannan in aka shafa musu lalle a jiki, jininsu yana iya fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Iyaye ba sa sanin ɗansu yana da shi sai an gwada. Saboda haka kar a shafa wa jariri lalle. Babba ma, rauni mai zurfi ko gyambon mai ciwon suga na likita ne.

Na huɗu, saiwar zogale da ɓawonsa ba kamar ganyensa ba ne. Mai juna biyu ta nisance su. Mai shan maganin suga ko hawan jini kuma kar ya ajiye maganinsa don ya samu zogale a gida.

*9. Haƙƙin maƙwabci*

Shinge a kan iyaka yake zama, iyaka kuwa ita ce mafarin rigima da yawa. Kafin ya yi ƙarfi, ka kira maƙwabcinka ku tsaya tare ku ga layin. Ka ja shi cikin naka da kamar kamu ɗaya, domin zai yi faɗi. Reshen da ya leƙa gidansa ko ya tare hanya, kai za ka sare, kar ka jira ya yi magana. In ya fara ba da ganye kuma, a aika masa da rabonsa. Wanda ya ci kwaɗon zogalenka shi zai fara korar akuya in ba ka nan.

To 'yan uwa, wanda ya dasa bana ya fita yau kafin magariba ya duba abu uku: leda, kwanciyar ruwa, da kariya daga dabbobi. Sauran a bi su sannu a hankali. A kuma damƙa wa yaro ɗaya a gida amanar ban ruwa da sunansa, domin aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa. In Allah ya kai mu damina mai zuwa da ransa, wahalar ta ragu ƙwarai, sai aski da tsinka.

A tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana shirin tumɓuke nasa alhali yana da rai.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana zuri'a. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.